Marafan Karanshaf: Aikin Awa Ɗaya da ke Yanke wa Injin Mota Kwana

Da wuya mutum ya daɗe yana zama a garejin gyaran mota, a Kano ne ko Kaduna ko Maraɗi, bai ci karo da irin wannan rigimar ba. An sauke inji, an kai karanshaf wurin masu yanka, an sayo sabon metal da ringi da gaskit, an haɗa, an tayar, kowa ya ji sauti ya ce madalla. Bayan mako biyu ko uku sai ga motar an jawo ta da igiya, inji ya buga. Mai mota ya ce bakanike ya cuce shi. Bakanike ya ce metal ɗin jabu ne, ko baƙin man da aka zuba ba shi da kyau, ko kuwa direba ne ya taka ta tun ba ta warware ba. Mai sayar da kaya ya rantse cewa kayansa na kamfani ne. A ƙarshe manya su shiga tsakani, a raba asara, kowa ya tafi da zargi a ransa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalilai yana iya zama gaskiya. Jabun kaya sun cika kasuwa, gurɓataccen mai ma haka. Amma akwai wani dalilin da ba kasafai ake ambata ba, domin yana faruwa ne a lokacin da babu mai kallo, inji yana kife a ƙasa, mai mota yana gida yana jiran waya. Lokacin nan shi ne sa'ar da ake kwantar da karanshaf a cikin bulok a mayar masa da marafansa. Aikin bai fi awa ɗaya ba ga wanda ya iya. Notunan da za a ɗaure a yawancin injina masu silinda huɗu guda goma ne kacal. Duk da haka, a ganina, babu wani mataki a haɗa inji da kuskurensa ya kai na wannan tsada, kuma babu wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi kamarsa.

Karanshaf shi ne ƙarfen nan mai gwiwoyi da ke kwance a ƙasan inji, wanda ke karɓar bugun fistin ya mayar da shi juyi. Yana kwanciya ne a kan wasu gurabu da aka huda a jikin bulok. Rabin kowane gurbi yana jikin bulok ɗin, ɗaya rabin kuwa marfi ne mai kaurin gaske da ake ɗaurewa da noti, wanda kanikawa ke kira kyaf. A cikin gurbin ake shimfiɗa metal, wato ɓawon ƙarfe mai siffar rabin zobe, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Injin silinda huɗu a jere yawanci gurabu biyar gare shi, mai silinda shida a jere bakwai, shi kuwa V6 irin na Camry da Sienna huɗu. Duk lokacin da wuta ta tashi a kan fistin, ƙarfin nan ƙasa yake nufa, kuma marafan nan ne ke tare shi. In inji yana juyi 3,000 a minti, karanshaf yana zagayawa sau 50 ke nan a kowace daƙiƙa, a kan marafan da notuna biyu-biyu ke riƙe da su.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da wasu masu riƙe da sifana, shi ne karanshaf ba ya taɓa metal in inji yana aiki daidai. A kan mai yake yawo. Wani injiniyan Ingila, Beauchamp Tower, shi ya fara gano haka a 1883 yana gwajin gurabun ƙafafun jirgin ƙasa. Ya huda rami a saman gurbi don zuba mai, sai ya ga man yana bulbulowa waje. Ya toshe da toshiya, man ya tunkuɗo ta. Ashe juyawar ƙarfen da kanta ce ke jawo man ta matse shi a ƙarƙashinsa har ya ɗaga shi. Bayan shekara uku, a 1886, Osborne Reynolds ya fito da lissafin da ya bayyana abin. A kan wannan ilimin aka gina duk injin da ke kan titi yau. Famfon mai aikinsa ya kai man wurin. Ɗaukar nauyin kuwa siririn shimfiɗar man ce ke yi.

Tazarar da aka bar wa man tsakanin wuyan karanshaf da metal ƙarama ce ƙwarai. A yawancin ƙananan motoci tana tsakanin milimita 0.02 zuwa 0.05, wato ba ta kai kaurin silin gashin kai ba. In ta matse fiye da haka, mai ba zai samu hanyar wucewa ya kwashe zafi ba, metal ya narke ya manne. In ta yi faɗi, mai ya tsere ta gefe, ƙarfinsa ya faɗi, fitilar mai ta fara ƙyaftawa in inji ya yi zafi, kwanrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, wanda ke samun nasa man ta cikin karanshaf, ya shiga ƙishirwa. Duk abin da za a faɗa game da mayar da marafa, a kan kare wannan 'yar tazarar yake.

Kowane marfi da gurbinsa

A masana'anta ba a ƙera marfi daban a gama shi sannan a kawo wa bulok. Ana ɗaure marafan duka a jikin bulok da ƙarfin da aka ƙayyade, sannan a zura na'ura ta huda gurabun gaba ɗaya a layi guda. Saboda haka marfi na biyu da gurbi na biyu tare aka yanke su, kuma da'irarsu ba ta cika sai su biyun sun haɗu, a fuskar da aka yanke su. Marafan na iya kama da juna a ido har ka rantse ɗaya ne. Ka ɗauki na biyu ka sa a gurbi na huɗu, ko ka juya shi gaba ya koma baya, notuna za su shiga lafiya lau, amma ramin ya daina zama da'ira. Wani gefe ya matse, wani ya buɗe, a mahaɗar kuma a samu ɗan tudu da zai riƙa kankare man.

Don haka ne kamfanoni ke buga lamba a kan marafa, 1 zuwa 5, da kibiya ko wata alama mai nuna gaban inji. A nan akwai tarko ga wanda ya saba da mota iri ɗaya. Toyota da Honda suna fara ƙirga daga wajen taimin, inda fuli yake. Injinan Fijo da dama, irin na 406, daga wajen filawil suke farawa, wato ta baya. Arewa kuwa ƙasar Fijo ce tun da aka buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kakuri, Kaduna, a 1975. Manyan kanikawanmu da yawa a kan 404 da 504 suka koyi aiki, yaransu kuma suka tashi a kan Corolla da Accord da Golf. Wanda ya ɗauki al'adar wannan ya kai wa wancan zai jera marafa a baibai yana ganin ya bi lamba.

Maganin abin tun ranar kwancewa yake. Kafin a sassauta noti ko ɗaya, a goge marafan a duba lambobinsu da inda kibiya ta dosa. In babu lamba, ko ta goge, a buga tabo da fanci: ɗigo ɗaya a na farko, biyu a na biyu, duk a gefe guda, a jikin marfin ba a fuskar da ke haɗuwa da bulok ba. Yau da kowane yaro ke da waya a aljihu, ɗaukar hoto kafin a taɓa komai ba ya cin ko sisi. Sannan a jera su a kan allo ko cikin tire, kowanne da notunansa da tsohon metal ɗinsa. Abin da ke ɓata aiki shi ne a zube su cikin bokitin fetur tare da sauran ƙarafa, a ce wa sabon yaro ya wanke.

In marfi ya ɓace ko ya tsage fa? Nan ne ake zuwa kasuwar kayan Beljiyam, Ƙofar Ruwa ko Panteka, a nemo na wani bulok mai irin lambar. Ana samu, kuma yana shiga. Amma da wani bulok aka yanke shi. Hanyar da ta dace ita ce a kai bulok ɗin da marafan wurin masu injin huda, a ɗaure su, a sake daidaita layin gurabun gaba ɗaya. In ba a samu mai wannan aikin ba, sayen wani bulok da marafansa cikakku ya fi sauƙi a kan sauke inji karo na biyu. Mai mota zai ji zafin kuɗin, amma gara a faɗa masa gaskiya tun inji yana ƙasa.

Ƙura, tsumma da bayan metal

Metal ɗin da muke saye a kwali yau bai daɗe a duniya ba kamar yadda ake zato. A da, narkakken ƙarfe mai laushi ake zubawa a gurbi a kankare shi da hannu har ya zauna, irin haɗin da Isaac Babbitt ya yi wa rajista a Amurka a 1839. Siririn ɓawon da ake cirewa a sauya ya bazu ne a shekarun 1930, ta hannun kamfanin Cleveland Graphite Bronze a Amurka da Vandervell a Ingila. Bayansa ƙarfe ne mai tauri, cikinsa kuwa shimfiɗa ce mai laushi, ta tagulla da darma ko ta alminiyam da kuza. An yi ta da laushi da gangan, domin in ɗan datti ya shigo ya nutse a cikinta maimakon ya karce karanshaf. Sai dai abin da za ta iya haɗiyewa kaɗan ne.

Mu kuwa a fili muke aiki. Yawancin garejinmu inuwar bishiya ce ko rumfar kwano, ƙasa a ƙasa, iska tana kaɗawa. A lokacin hunturu ƙura tana sauka a kan komai cikin mintoci, kuma ƙurar nan yashi ce, ta fi metal tauri nesa ba kusa ba. Wuyan karanshaf da aka shafa wa mai aka bari a buɗe aka tafi salla ko cin abinci, kafin a dawo ya kwashi abin da zai ci shi. Ba sai an gina ɗaki mai gilashi ba. A yayyafa ruwa a ƙasa, a ɗora bulok a kan tebur ko katako mai tsabta, a tanadi babbar leda da za a rufe shi duk lokacin da aka ɗaga hannu, a kuma zaɓi lokacin da iska ta kwanta. Tsumman da aka goge hannu da shi tun safe ba shi da wuri a nan.

Dattin da ya fi haɗari ma ba daga iska yake zuwa ba. Karanshaf da ya dawo daga wurin yanka yana ɗauke da garin dutsen niƙa da na ƙarfe a cikin ramukan mai da suka ratsa shi. A waje yana ƙyalli, a ciki yana riƙe da abin da zai kashe sabon metal a minti na farko. Dole a bi kowane rami da siririn buroshi da fetur ko kananzir, a hura da iska, a maimaita har farin ƙyalle ya fito fari. Haka hanyoyin mai na cikin bulok, musamman in tsohon metal ya narke, domin ɓurɓushinsa yana maƙalewa a can.

Wajen shimfiɗa metal akwai kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya: shafa mai a bayansa. Bayan metal da gurbinsa a bushe ake son su, babu mai, babu girisi. Dalili shi ne an yi kowane ɓawo ya ɗan fi rabin da'ira tsawo, ta yadda in ka danna shi a gurbi za ka ji bakinsa ya ɗan ɗago sama da fuskar marfi. Idan aka ɗaure noti, wannan ɗan rarar ce ke matsewa ta manna metal da jikin gurbi da ƙarfi. Matsin nan shi ke hana shi juyawa tare da karanshaf, kuma ta nan zafi ke bi ya fita zuwa bulok. Ɗan kunnen da ke gefen metal, wanda ke faɗawa cikin tsaga, aikinsa nuna wurin zama ne kawai. Ba shi da ƙarfin riƙe komai, shi ya sa wasu sababbin injina ba su da shi sam. Wanda ya ga bakin metal ya ɗago ya ɗauko fayil ya goge shi don ya yi daidai da marfi, ya cire abin da ke riƙe da shi ke nan. Ƙwayar yashi ɗaya kuma a bayan metal ta isa ta turo shi ciki ta cinye tazarar mai a wurin.

Sai a lura da na sama da na ƙasa. A yawancin injina, ɓawon da ke da rami da kwari a tsakiya shi ke shiga bulok, domin ta nan mai ke fitowa. Mai santsi, marar rami, shi ke zama a marfi, inda nauyi ya fi sauka. In aka musanya su, an toshe hanyar mai da hannu. Bayan an danna na sama, a leƙa a tabbatar raminsa ya hau kan ramin bulok.

Awo kafin ɗauri

"Oga, ya juya." Wannan ita ce shaidar da aka fi dogara da ita a gareji: an ɗaure, an kama karanshaf da hannu, ya juya, shi ke nan. Juyawa tana nuna cewa bai matse ba. Ba ta nuna ko ya yi sako-sako. Karanshaf mai tazarar da ta ninka ƙa'ida sau biyu zai juya da daɗi fiye da mai kyau.

Masu yanka suna rage wuyan karanshaf mataki-mataki, abin da ake kira ten da twanti da tati, wato milimita 0.25 da 0.50 da 0.75, sai a sayo metal mai kaurin da ya dace. Amma rubutun kwali ba awo ba ne, maganar mai yanka ma haka. Kwali na iya cewa ten, abin da ke ciki sitanda ne, wato na wuyan da ba a yanka ba. Mai yanka na iya zarcewa kaɗan. Wanda ke da maikuromita da agogon auna rami, shi ya fi kowa samun gaskiya. Wanda ba shi da su, akwai wani siririn zaren roba mai suna Plastigage da aka yi don wannan aikin. Ana kwantar da karanshaf a kan metal a bushe, a yanko zaren a ɗora a kan wuyan, a sa marfi a ɗaure da cikakken ƙarfinsa, ba tare da an juya karanshaf ko kaɗan ba. A kwance, a ga yadda zaren ya baje, a gwada faɗinsa da ma'aunin da ke jikin takardarsa. Kore yana auna daga milimita 0.025 zuwa 0.076, wanda ya dace da yawancin ƙananan motoci. Ja na masu tazarar da ta fi haka faɗi ne. In zaren ya baje da faɗi a gefe guda ya tsuke a ɗaya gefen, wuyan bai yanku daidai ba, a mayar wa mai yanka. Kuɗin zaren bai kai na galan ɗin baƙin mai ba. Abin takaici shi ne ba kowane shagon kayan gyara ke ajiye shi ba, saboda ba a tambaya.

Injinan Japan sun ƙara wani tsari a kan wannan. Ko a cikin sitanda akwai kauri daban-daban da bambancinsu bai wuce kashi kaɗan cikin dubu na milimita ɗaya ba. Toyota tana buga lambobi a jikin bulok da jikin karanshaf, a haɗa su a duba jadawali a san lambar metal na kowane gurbi. Honda da launi take rarrabe nata, ɗigon fenti a gefen metal: shuɗi, baƙi, ruwan ƙasa, kore, rawaya da sauransu. Ma'ana, a inji ɗaya gurbi na farko na iya son kore, na uku ya so ruwan ƙasa. Wanda ya sayo saiti ɗaya na kasuwa ya zuba, to lallai ya auna, domin ya bar tsarin da kamfani ya yi.

Akwai dabarun da aka gada waɗanda ya kamata a bar su. In tazara ta yi yawa, wasu sukan goge fuskar marfi a kan dutse ko takardar yashi don ya ƙara matsewa, wasu su cusa takarda ko ledar kwalin sigari a bayan metal. Dabarar tana da asali: a zamanin metal na zubi, irin na tsohuwar Ford Model T, da siraran ƙarafa ake daidaita tazara, a zare ɗaya in ya ci. Injin yau ba haka aka yi shi ba. Marfin da aka goge ya tashi daga da'ira har abada, takarda kuma tana tare zafi sannan ta ƙone ta bar metal yana rawa. Motar za ta bar gareji shiru, mai ita ya biya yana godiya, bayan wata ɗaya ko biyu ta dawo da bulok ɗin da ba zai sake gyaruwa da sauƙi ba. Wannan ba taimako ba ne, ko da mai motar ne ya roƙa.

A ɗaya daga cikin gurabun, sau da yawa na tsakiya, akwai tiros-washa, wasu siraran ƙarafa masu siffar jinjirin wata da ke hana karanshaf zamewa gaba da baya. Duk lokacin da direba ya taka kuloci, su ke karɓar turin. Fuskar da ke da kwarin mai ita ke kallon karanshaf. Bayan ƙarfen ya jingina da bulok. In aka juya su, ƙarfe mai tauri zai riƙa cin kumatun karanshaf. Ɗan mai ko girisi kaɗan zai riƙe su kada su faɗo lokacin sa marfi. Wasan gaba da baya da ake bari yawanci tsakanin milimita 0.05 ne zuwa 0.25, ana auna shi da fila-geji ko agogon awo.

Hannu ba ma'auni ba ne

Bayan awo ya yi daidai, a ɗaga karanshaf, a goge ragowar zaren, a shafa mai mai tsabta a fuskar kowane metal da wuyan karanshaf, a kwantar da shi a hankali, a miƙe, kada gwiwa ta daki gefen metal. Kowane marfi ya koma gurbinsa, kibiya tana kallon inda ta dosa tun farko. Marfi yakan shiga da ɗan matsi. A buga shi a hankali da guduma ta roba ko ƙotar katako har ya zauna. Jawo shi ƙasa da ƙarfin noti yana iya karkatar da shi ya ci gefen gurbin.

Ramukan notuna su ma a duba su. In mai ko fetur ya taru a gindin rami, noti zai sauka a kan ruwan, sifana ta nuna ya ɗauru alhali bai matse marfi ba, wani lokaci ma bulok ya tsage. A hure su da iska. Zaren noti da ƙarƙashin kansa a shafa musu ɗan mai in littafin injin ya ce haka, kuma yawanci haka yake cewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da hannu ke sawa a sifana a gogayya yake ƙarewa. Ɗan abin da ya rage shi ke miƙe noti ya matse marfi. Noti busasshe mai tsatsa da noti mai mai, in aka ja su da ƙarfi ɗaya, matsinsu ba zai zo kusa da juna ba.

A nan ne nake rabuwa da manyan da ke cewa hannunsu ya san ƙarfin. Ina girmama hannun da ya shekara talatin yana aiki, kuma na yarda yana jin abubuwan da sabon shiga ba ya ji. Amma hannu yana gajiya, na safe daban da na yamma, kuma in aka zura bututu a sifana don ƙarin tsawo, duk abin da hannu ya sani ya rushe. Ɗauri ya yi kaɗan, marfi ya riƙa motsi, metal ya saki. Ya yi yawa, gurbi ya lotse, noti ya miƙe ya kusa tsinkewa. Sifanar awo, wadda ake kira tok-renci, ita ce ke raba gardama, kuma kowane inji da adadinsa. Tsohon injin Corolla 4A-FE, alal misali, Newton-mita 60 ake ɗaure marafansa. Na Camry 2AZ-FE kuwa ana kai shi 40 ne, sannan a ƙara juya kowane noti digiri 90, wato rubu'in zagaye. Irin wannan ɗauri na biyu ya zama ruwan dare a sababbin injina: ana ɗiga fenti a kan noti, a juya, a ga fentin ya koma gefe. Notunan irin wannan suna miƙewa kaɗan duk lokacin da aka ɗaure su, shi ya sa littafi ke cewa a auna kaurinsu kafin a sake amfani da su, wasu kamfanonin ma su ce a sauya su gaba ɗaya. Littattafan nan yanzu suna cikin waya ga duk wanda ya nema.

Ba a ɗaure marfi ɗaya a gama sannan a koma na gaba. Ana fara sa notuna duka da hannu, sannan a bi su zagaye biyu ko uku ana ƙara ƙarfi, daga marfin tsakiya zuwa waje, sai dai in littafi ya ba da wani jeri. Kafin a kai marfin tiros-washa ƙarshe, a tura karanshaf baya sannan gaba da ɗan ƙarfe ko gudumar roba, don washa na sama da na ƙasa su daidaita fuska. Bayan kowane zagaye a juya karanshaf da hannu. Ya kamata ya tafi sumul, ba tare da wurin da yake cijewa ba. In ya cije bayan an ɗaure wani marfi, an san inda matsalar take: a kwance wannan a duba, ko an juya shi, ko datti ya shiga, ko karanshaf ɗin ya lanƙwashe. Maganar "zai sake in ya yi zafi" ita ce ta kashe injina masu yawa. Wurin da ya cije a sanyi, da zafi ƙara cijewa yake yi.

Wasu injinan suna da nasu ƙarin sharuɗɗa. V6 na Toyota 1MZ-FE yana da notuna huɗu a ƙarƙashin kowane marfi da wasu biyu da ke shigowa ta gefen bulok, kuma na gefen a ƙarshe ake ɗaure su. Injin Corolla 1ZZ-FE ba shi da marafa ɗaiɗai. Duk an haɗe su a faranti guda da ake shafa wa gam a ɗora cikin 'yan mintoci kafin ya bushe, kuma gam ɗin in ya yi yawa yakan matso ciki ya gutsure ya toshe rariyar famfon mai. Injinan Fijo da dama suna da siraran robobi a gefen marfin baya. In ba su zauna daidai ba, mai zai riƙa ɗiga ta wajen filawil, a yi ta zargin sil ɗin baya alhali ba laifinsa ba ne.

Mai mota ma yana da nasa kason a wannan aiki, kuma babba ne. Direban haya da motarsa ke ciyar da gida, kowace rana a gareji asara ce gare shi, ba wanda zai ƙi fahimtar haka. Amma matsin "yau nake son ta, gobe ina da lodi" shi ke sa a tsallake wanki da awo, sauri kuma ya haifi nawa. Wanda ya kai inji a sauke yana da haƙƙin ya yi tambaya cikin ladabi: Malam, nawa aka yanka karanshaf? An auna tazara? Da tok-renci za a ɗaure? Bakaniken kirki ba zai ji haushi ba, zai ma ji daɗin samun wanda ya san darajar aikinsa. Shi kuma mai motar ya yarda ya biya kuɗin wannan lokacin, ya daina neman wanda ya fi araha da 'yan dubbai. Kayan awon nan kuwa ba sai kowane yaro ya mallaki nasa ba. Gareji guda, ko reshen ƙungiyar kanikawa ta NATA a unguwa, na iya sayen tok-renci da maikuromita masu kyau a riƙa karɓa ana mayarwa, a kuma koya wa yara karanta su tun suna shekarar farko, kamar yadda ake koya musu lambobin sifana.

Ko an gama haɗa komai, saura mataki ɗaya da ke kare aikin marafan. Sabon inji hanyoyin mansa a bushe suke, kuma man da aka shafa da hannu na 'yan daƙiƙu ne. Kafin a tayar, a cika fil ɗin mai in zai yiwu, a cire fulogi, a katse wuta da fetur, a yi ta bugun sitata a taƙaice har fitilar mai ta mutu. Sannan a mayar da fulogi a tayar, a bar shi ya yi zafi a hankali ba tare da an taka totur ba, ana kallon fitila ana saurare. Man farko da fil ɗinsa a sauya su da wuri, domin su ke kwashe ɓurɓushin da sababbin ƙarafa ke saki. A rubuta wa mai mota a takarda girman da aka yanka karanshaf, lambar metal da aka sa, da tazarar da aka samu a kowane gurbi, ya ajiye tare da takardun mota, domin duk wanda zai sake buɗe injin nan gaba ya san daga inda zai fara.